Daɓen Duwatsu a Gidan Alhaji Muntaka

Ma'aruf yana durƙushe a tsakar gidan Alhaji Muntaka da ke unguwar Coal Camp, yana jera ƙananan duwatsu, fari da baƙi, cikin yashi. Sana'ar mutanen Fotugal ce, ya koyo ta a Angola wajen wani tsoho. Zanen igiyar ruwa ya kai rabin tsakar gidan sa'ad da Ni'imatu, 'yar Alhajin, wadda yake nema da aure, ta tsaya a kansa.

"Baba ya ce ba zai ba mai fasa dutse 'yarsa ba," in ji ta. "Amma in ka ajiye gudumar nan, zai buɗe maka shago a kasuwar Ogbete."

Ya ƙwanƙwasa gefen wani dutse, ya zaunar da shi.

"Ke me kika ce?"

"Na ce zan tambaye ka."

Ya dubi hannuwansa. "Tsohon da ya koya mini ya rasu, Ni'ima. Ni kaɗai ya bar wa aikin."

Ta gyara mayafinta, ba ta yi kuka ba.

"To, ka ƙarasa shi da kyau. Duk ranar da Allah ya kawo wani mijin, a kan daɓen nan za a yi bikina."

Ta shige ɗaki. Shi kuwa ya ɗauki wani dutsen.