Tattabarun Siton Khalilu

Tun da Malam Sharfuddeen ya buɗe shagon gyara a unguwar Anbariyya ta Madina, babu abin da ya fita daga hannunsa aka dawo masa da shi. Galibin masu kawo masa gyara alhazai ne, kuma jirgi ba ya jiran mai ƙorafi.

Bindigar iska ce ta ɓata masa wannan tarihi, ƙirar Jamus, irin wadda ake karyawa a tsakiya a saka ƙwayar dalma. Mai ita Khalilu ne, ɗan kasuwa haifaffen Madina, mai siton shinkafa da alkama a bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Tattabaru sun mai da siton nan gidan ubansu. Khalilu ya sayo bindiga ya damƙa wa mai gadinsa Abdou, wani dattijo ɗan Chadi marar yawan magana, ya ce kafin azumi kada ya ga ko gashin tsuntsu. An tuna wa Khalilu cewa ba a farauta a cikin hurumin Madina. Ya ce ya tambaya, an ce masa akwai saɓanin malamai. Bai faɗi wanda ya tambaya ba.

A watan Rajab Abdou ya fara zuwa da ita, naɗe cikin buhu.

"Malam, ba ta samu," in ji shi.

Sharfuddeen ya kwance ta, ya canza fatar da ke riƙe iska, ya ɗiga mai, ya gwada a lungun bayan shago. Murfin kwalbar lemon da ya auna ya yi tsalle. Bayan mako guda bindiga ta dawo.

Wannan karon ya ɗora laifin a kan dalmar. Mai faɗin kai ba ta da nauyi, iska kaɗan sai ta kauce. Ya ba Abdou mai zagayayyen kai, ya sake saiti, domin kowace dalma da irin saitin da take so. Ta dawo. Ya rage ƙarfin sifirin da ke tura iska don kada ta riƙa zabura a kafaɗa, ya koma kan dalma mai tsini. Har ma'aunin maƙerin zinariya ya aro, ya zauna yana auna ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya da tabarau a kan hanci, yana ware masu lanƙwasa, bayansa na ciwo. Ta dawo.

Abdou ba ya fushi, ba ya gaggawar karɓa. Sai ya ce a bar ta ta kwana biyu. Tambaya ɗaya yake yi duk lokacin da aka canza masa dalma: "Wannan, daga ƙofa zuwa ƙuryar sito, yatsa nawa take sauka?" Sharfuddeen yakan faɗa masa, yana tausayin mutumin da ke lissafin yatsa alhali bai taɓa samun tsuntsu ba.

Unguwa kuwa ta sami abin yi. Balarabe mai shayi ba ya bari ta wuce. "Malam, baƙuwar taka ce ta sake dawowa? Ka biya sadaki mana ta zauna!"

Ana saura kwanaki azumi Khalilu ya zo da kansa, ya bar motar a kunne.

"Ya ammi, khalas, shi ke nan, na gaji. Ko gyaranka ne bai yi ba, ko mutumin nan ba ya gani. Zo ka duba da idonka. In kai ne, in kai ta Jidda, kuma wallahi kowa sai ya ji. In shi ne, bukra, gobe-goben nan, na sallame shi, ya nemi wani kafilin ya tsaya masa a takardar iƙama ta zama a ƙasar."

Bayan la'asar suka je. Siton dogo ne, zafi kamar tanda, ga warin kashin tsuntsu. Can ƙurya tattabaru sun jeru a kan ƙarfen rufi, sun yi ƙiba irin ta waɗanda ba su da damuwa. Abdou ya ɗaga bindigar, ya motsa leɓe, ya harba. Suka tashi fir, suka zaga, suka koma mazauninsu.

"Shuf!" in ji Khalilu. "Ka gani? Kullum haka."

Sharfuddeen bai damu ba. Ya san aikinsa. Abin da ya rage kawai ya karɓi bindigar ya fasa gwangwani a gaban mai ita, ya koma shago da sunansa. Amma ya saba duba inda harbi ya faɗa kafin ya yi magana. Ya taka har ƙurya, ya hau buhunan shinkafa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, yana neman tabon dalma warwatse a bango, yadda mai raunin ido ke bari.

Ya daɗe a can sama. Da ya sauko bai kalli Abdou ba, Abdou ma ƙasa yake kallo.

"Laifina ne," ya ce wa Khalilu. "Ta fi ƙarfina. Jidda ma ba na jin za su iya. Ka sa raga a tagogi, ka huta."

Khalilu mutum ne mai cika alkawari. Kafin magariba Anbariyya duka ta ji cewa hannun Malam Sharfuddeen ya tsufa, Balarabe har shayi kyauta ya aiko masa na jaje.

Ya sha shayin, bai gaya wa kowa abin da ya gani a bangon ba. Taƙi ɗaya a saman kawunan tattabarun, rami ne guda ɗaya tak, bai fi kan babban yatsa ba, cike da dalma: mai faɗin kai, mai zagaye, mai tsini, kowace a kan 'yar'uwarta.