Garin da Shafi Ya Ce Babu

Tun da kotuna suka daina sauraron shaidu, suka koma dogaro da Kundin Kowa, rumbun sanin nan na intanet da kowa ke iya gyarawa, Barista Hansatu ba ta shiga shari'a sai ta duba shafi.

Jiya shafin ƙauyen Gidan Tanko ya ce akwai mutane a wurin tun kafin zuwan Turawa. Da wannan za ta kare Malam Jatau, dattijon da wani kamfanin haƙar ma'adinai ke neman tayar da garinsu. Yau da safe ta buɗe, sai ta ga an sauya rubutun: "Daji ne, ba a taɓa zama cikinsa ba." Ta gyara, aka mayar. Ta sake gyarawa, aka toshe ta.

Alƙali ya karanta daga allo, ya ba kamfani gaskiya.

Malam Jatau ya miƙe. "Ranka ya daɗe, a can na binne mahaifiyata da 'ya'yana."

"Baba, ban ƙaryata ka ba," in ji alƙali, kansa a sunkuye. "Amma ba a rubuta ba."

A bakin kotu dattijon ya dubi Hansatu.

"'Yata, in na shiga mota yanzu, ina zan ce wa direba ya sauke ni?"