Ranar da Kowa Ya Samu Kujerar Gaba

Kai da kake cewa rubuta bayani ɓata lokaci ne, saƙon murya ya wadatar, tsaya ka ji. An yi wani gwanin haɗa manhaja, shi ya gina wa wata tashar mota tsarin raba wa fasinjoji kujeru ta waya. Aiki kam ya iya, amma in dai rubutu ne, gara ka sa shi dakon buhu. Da tafiyar Hajji ta taso masa, aka ɗauko wata matashiya, aka ce in ta fitar da makon Sallah lafiya, aikin ya zama nata. Ta roƙe shi ya rubuta mata bayani ko shafi ɗaya ne, ya ce ina! Ya zauna gaban kwamfuta ya naɗa mata murya ta minti arba'in cur. Gaisuwa ta ci goma, tari da kurɓar shayi suka ci biyar. Sauran kuwa yana ta dangwala yatsa a allo, wai wannan kada ki taɓa, wancan in abu ya tsaya ki goge shi, na can gefe kuma ki bar shi da halinsa. Ya manta murya ba ta ɗaukar yatsa.

Ranar jajiberin Sallah manhaja ta tsaya cik. Baiwar Allah ta saurari saƙon nan sau huɗu har kunnenta ya yi zafi, ta yi bisimilla, ta zaɓi wanda take zaton shi ne wancan ɗin, ta goge. Manhaja ta tashi garau, sai dai duk wanda ya nemi kujera, ta gaba take ba shi. Kafin azahar mutum saba'in sun yi cirko-cirko a ƙofar mota guda, kowa da shaidarsa a waya, har da wani dattijo riƙe da igiyar rago. A ranar aka sallame ta, ta tafi tana kuka, kuma wallahi har yau abin yana min ciwo.

Da gwanin ya dawo sai ya hau faɗa, wai ai babu abin da bai bayyana mata ba. Ya tara mutane, ya kunna saƙon don ya wanke kansa. Da aka zo inda ya ce a goge wancan, ya mayar da saƙon baya, ya sake mayarwa, ya zura wa allo ido, can ya ce a hankali, "Wai wanne nake nufi a nan?"

Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, gani ya kori ji.