Wasan Ƙofa Huɗu

Ƙarfe shida na safe daidai Baba mai gashin burodi yakan tura farantan farko cikin tanda, ya danna wayarsa, ya kife ta a kan buhun fulawa. Daga nan wata mata za ta fara bayani, da murya ba hawa ba sauka, a kan wani tsohon wasan kwamfuta mai suna Ƙofa Huɗu. Awa shida bidiyon yake yi. Gobe ma shi ne, daga farko.

A iya abin da ma'aikatan gidan burodin suka tsinta, wasan na wani mutum ne da ke buɗe ƙofofi yana rufewa. Ba a harbin kowa, ba a ceton kowa. Mai kwaɓi ya ce ya taɓa zama a layin asibiti da ya fi wannan armashi. Ƙarshen ne kawai ba wanda ya sani, don in an zo nan Baba yakan rage sauti ya kara wayar a kunne.

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi a gaban tandunan nan huɗu, bai taɓa ƙona burodi ba, bai kuma taɓa saita ƙararrawa ba. Cewa yake mai gashin da sai ƙararrawa ta tuna masa, ya nemi wata sana'ar, ido ne aikin. A 'yan shekarun nan dai tsufa ya zo masa da mulki. Ya daina karanta jarida, wai ƙarya ta yi yawa. Ko tsumma aka gusar daga inda ya ajiye, ranar kowa zai ji a jikinsa. 'Yarsa ke sauke shi da safe, ta ɗauke shi da rana ta ƙofar baya, kamar wani babban ma'aikaci.

Sai ɗan mai gidan ya dawo daga karatu ya zama manaja. A watan farko ya sallami mai naɗe burodi saboda hannunsa ya fara rawa, ya ba shi kyautar agogon bango. A wata na biyu ya manna sanarwa da manyan haruffa a ƙofar ɗakin gashi: ba waya a bakin aiki, wanda ya saɓa ya kama gabansa.

Kwana uku Baba yana wuce takardar nan ko waiwaye babu. Manaja ya kira wannan raini.

Akwai kuma abin da manajan bai faɗa wa kowa ba. Shi tun yana yaro yake buga wasannin kwamfuta, yana ganin ba wanda ya ɓace masa, amma ya bincika Ƙofa Huɗu ta ko'ina bai samu ko hotonsa ba. Da ya tambaya, Baba ya ce ai ba kowa ya san shi ba.

Rana ta huɗu, wajen tara da rabi, manaja ya shiga ya ɗauke wayar. Baba ya roƙi a bar masa ita zuwa sha biyu, bai kawo wani dalili ba.

"Baba, shekara nawa ka yi kana gashi babu ita?"

"Haka ne, yallaɓai," in ji Baba.

A ofis manaja ya ajiye ta a tebur bai kashe ba, don yana so ya ga wasan da idonsa. Babu abin gani. Hoton wata ƙofa ce kawai, ba ya motsi. Matar na cewa a wannan mataki ɗan wasa mai hankali zai buɗe ƙofa ta uku, ya juya abin da ke ciki, ya rufe. Manaja ya yi hamma.

Can sai ƙauri ya iso ofis. Tanda ta uku ce. Bayan ita ta ɗaya ta bi. Da ya leƙa ya tarar da Baba tsaye a tsakiyar hayaƙi, fuskarsa na wajen agogon bango, hannuwa a baya, mai kwaɓi kuwa na jido gawayi yana tambaya ko a naɗe shi a leda.

Manaja ya koma ya rubuta takardar sallama, gajeriya, mai ladabi. Sha biyu saura kaɗan matar ta ce wasa ya ƙare, ta gode wa masu kallo. Ya cire murfin biro zai sa hannu, sai muryar ta dawo, a hankali, ba irin ta ɗazu ba.

"Sannu da aiki, Baba, yau ma ba wanda ya gane. Taku tara zuwa ƙofar baya, ka bi bango da hannun dama, sandarka tana mota, ina nan ina jiranka."