Gurbin Jan Maɓalli

Ranar da manajanmu ya karɓi kambun "Ma'aikata Mafi Farin Ciki", warin ruɓaɓɓen kifi ya riga kek ɗin bikin isa ofishinsa.

A ƙofar masana'antarmu ta sarrafa kifi da ke birnin Bergen akwai maɓalli biyu da muke dannawa in an tashi: kore mai murmushi, ja mai ɗaure fuska. Wata uku ina danna ja, ina gaya masa injin sanyaya kifi zai mutu.

"Baƙin rai ne matsalarki," in ji shi. "Yi murmushi, komai zai daidaita!"

Ya sa aka cire jan. Shi ke nan, duk muka zama masu farin ciki.

Yau ga shi ya toshe hanci, yana ihu: "Ba wanda zai iya gaya mini?"

Na nuna masa gurbin jan maɓallin.

"Yi murmushi mana, yallaɓai."