Ƙafafun Inna Uwani

"Inna, zama ne ke cin gwiwoyinki," in ji likita Hafiza a asibitin Tasawa. "Ki riƙa ɗan takawa kullum da safe."

Rabilu, ɗan Inna Uwani, ya cafe: "Gaya mata dai! Son jiki ne."

Likita ta cire wa tsohuwar takalmi, sai ga tafin ƙafa duk jini da rairayi.

"Daga ina kuke?"

"Daga can garin Maijirgi, ɗiyata."

"A me kika zo?"

"Buhunan gujiya sun cika amalanke. Rabilu ya ce nauyi zai yi wa jaki yawa. Shi ya hau, ni na biyo baya."

Rabilu ya miƙe yana murmushi. "Inna, kin dai ji da kunnenki, tafiya magani ce. Tashi, komawa ma haka za a yi."