Sai An Cire Haƙorin

Akwatinta ya riga ya isa bakin ƙofa ranar da haƙorin ya tashi.

Direban ya dawo daga aiki yana jan ƙafa, ya tarar da matarsa zaune a kan akwatin ta tallafe kumatunta na hagu. Sun gama magana tun makon jiya. Ba faɗa, ba zagi, ba wanda ya kama wani da laifi. Gajiya ce kawai ta cinye auren. Shi yana bisa titi da motar kamfani yini guda, ita tana kan keken ɗinki, in sun haɗu sai "sannu" da "yawwa". Suka yarda a rabu lafiya, kowa ya kama gabansa.

"Na can ƙurya ne, haƙorin hankali," in ji ta, da ƙyar take buɗe baki. "A asibiti sun ce sai an tsaga dasashi kafin a fito da shi."

Ta faɗi kuɗin aikin. Ya ce ta sake faɗa, ko kunnensa ne. Ko an sayar da keken ɗinkin an haɗa da albashinsa, ba zai kai ba.

Inshorar wurin aikinsa tana biyan irin wannan, amma ma'aikaci da matarsa kaɗai ta sani. Tsohuwar mata ba ta cikin lissafi.

"To ki dakata sai an cire," ya ce. Ya ja akwatin ya jingina shi bayan ƙofa. Shi mutum ne mai gudun abin kunya, ba zai yarda a ce ya sallami 'yar mutane da ciwo a baki ba.

Ita ta ɗauki nauyin kiran kamfanin inshora, tunda shi ba ya zama. Yau ta ce sun ce gobe, gobe ta ce mai sa hannu ya tafi hutu. Bai yi mamaki ba. Duk wanda ya taɓa neman haƙƙinsa wurin mutanen nan ya san karɓa suke da gudu, biya da rarrafe.

Mako ya zama wata, wata ya haifi wata.

Ya shiga tsayawa a hanya yana sayo mata ƙanƙara, ya zuba a kwano ta riƙa ɗorawa a kumatu. In ya dawo ɗaukar kwanon sai ya same shi wayam, ko ɗigon ruwa babu, ya ce lallai matar nan akwai tsafta. Ya sayo maganin rage zafi, ta ce ta gode, ta jera a kan taga. Ya koyi dafa dankali ya murƙushe shi luguf, abin da bai taɓa yi wa kansa ba.

Mai ciwon haƙori ba ya cin abinci da sauri, shi kuma ba ya iya tashi ya bar ta da kwano. Dole ya zauna. Zama ya jawo magana. Ya ba ta labarin ogansu mai ƙirga man mota kamar daga jikinsa ake tatsa, ta ba shi labarin matar da ke rantsuwa ba ta ƙara ƙiba ba, tef ɗin awo ne ya tsuke. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ji sautin ya yi masa baƙo a ɗakin.

Wata safiya ya gan ta ta riƙe kumatun dama.

"Ya koma can kuma?"

"Ciwon haƙori yawo yake, Yallaɓai, kamar kai."

Rabon da ta kira shi Yallaɓai har ya manta. Akwatin bayan ƙofa kuwa ya zama wurin ɗora wanki.

Amma ganin ta kullum hannu a fuska ya ishe shi. Ranar hutunsa ya tafi ofishin inshora da kansa, ya ɗaure fuska tamau, ya shirya rigima. Ma'aikaciyar ta duba katinsa, ta danna na'ura, ta ba shi sunan asibiti da rana nan take. Ya fito yana cewa a ransa, ashe ɗaure fuska ma magani ne.

Da ya gaya wa matar, ba ta yi murna ba. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Ya ɗauka tsoron allura ne.

A ɗakin jira na asibitin, bayan an shiga da ita ɗaukar hoton haƙori, ya zauna yana jujjuya mabuɗin mota. Nan gaskiya ta kama shi: ba ya so a cire haƙorin. Kunya ta rufe shi, wane irin miji ne ke fatan ciwon matarsa ya daɗe? Amma in an cire yau, ta warke jibi, sai a sauke wanki daga kan akwati. Kuma bai san ta inda mutum ke fara cewa "ki zauna" ba, bayan da bakinsa ya ce ya yarda. Ya gaji da tuƙi, ya gaji da jira, amma gajiyar komawa ɗaki shiru ita ta fi ba shi tsoro.

Nas ta leƙo ta ce likita na kiran mijinta.

Ya same ta kwance a kujerar aiki, ta rufe idanunta da hannu biyu. Kumatun kuwa, hagu da dama, ba wanda ta riƙe. Likitan ya ɗaga hoton a gaban fitila, ya gyara tabarau, ya dubi mijin.

"Malam, wane haƙori inshorarka za ta biya in cire? Haƙoran hankalin duka huɗun an cire mata su shekara da shekaru, har ƙashi ya cike gurbinsu."